Malama Funmilayo Ransome-Kuti, Jagorar Matan Abeokuta

An haifi Funmilayo a Abeokuta, cikin ƙasar Egba, ran 25 ga Oktoba 1900. Tana cikin 'yan mata na fari da aka ɗauka a makarantar sakandare ta garin. Daga nan ta ƙetare zuwa Ingila don ƙaro ilmi, da ta komo ta kama aikin koyarwa. Cikin 1925 ta auri Israel Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya.

Aikin da ya fid da sunanta daga aji ya faro. Ta buɗe wa matan kasuwa ajin yaƙi da jahilci, to, wurin koyon karatun ne suka riƙa kawo mata kukansu. Tun 1918 aka aza wa matan Egba haraji, alhali kuwa ba su da bakin magana a majalisar En'e. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka yi ta ƙwace musu shinkafa. Cikin 1946 suka kafa Ƙungiyar Matan Abeokuta, ita ce shugaba.

Ku dubi yadda suka bi al'amarin daki-daki. Da fari suka rubuta takardun koke. Suka ɗauki akawu ya bincika littattafan kuɗin En'e. Ita kanta ta ƙi biyan harajin, aka kai ta gaban shari'a. Da aka yi kunnen uwar shegu da su, sai cikin Nuwamba 1947 mata wajen 10,000 suka ɗunguma zuwa ƙofar fadar Alake Ademola, watau sarkin Egba, suka zauna, suka kwana nan suna waƙe-waƙe. Ba bindiga, ba mashi, sai yawa da haƙuri. Watan Disamba suka sake komawa. Daga bisani aka soke harajin, mata huɗu suka sami kujera a majalisa, Alake kuma ya sauka daga gadon sarauta cikin Janairu 1949, ko da ya ke ya koma daga baya.

Kishinta bai tsaya ga Egba kaɗai ba. Cikin 1947 ita kaɗai ce mace cikin wakilan jam'iyyar NCNC da suka kai ƙarar tsarin mulkin Gwamna Richards birnin Landan.

Ƙarshenta da ban tausayi. Cikin 1977 soja suka auka wa gidan ɗanta Fela a Ikko, aka jefo ta daga tagar bene. Ta rasu ran 13 ga Afrilu 1978.

Waɗansu na tsammani mai kishin ƙasa shi ne mai yin shiru. Rayuwar malamar nan ta nuna ba haka ba ne. Wanda ya ga rufin gidansu na yoyo ya faɗa, ai ya fi mai shiru son gidan. Mu da za mu riƙe aji gobe, sai mu tuna daga allo da alli ta fara.