James Aggrey: Malamin da ajali ya riska yana rubuta kundin digirin digirgir

A watan Mayun 1927, wata huɗu kacal bayan bikin buɗe makarantar Achimota da ke wajen birnin Accra, ɗaya daga cikin jagororinta ya ɗauki hutu ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Burinsa shi ne ya ga iyalinsa, sannan ya zauna ya rubuta kundin da ya rage masa kafin Jami'ar Columbia ta ba shi digirin digirgir. Bai dawo ba. Cutar sanƙarau ta kama shi a birnin New York, ya rasu a asibitin Harlem ranar 30 ga Yulin 1927 yana da shekara 51.

Sunansa James Emman Kwegyir Aggrey, kuma har gobe Dakta Aggrey ake ce masa a Ghana. Wannan laƙabi ya samo shi ne daga digirin ilimin addinin Kirista da makarantar horar da limaman coci ta Hood ta ba shi a 1912. Wanda ya shafe shekaru yana nema, na Columbia, bai taɓa shiga hannunsa ba.

An haife shi ranar 18 ga Oktoban 1875 a garin Anomabu da ke bakin teku, a ƙasar da iyayenmu ke kira Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Mahaifinsa Kodwo Kwegyir shi ne mai magana da yawun sarkin garin, aikin da ke buƙatar iya tsara zance a gaban jama'a, kuma ɗan ya gaji wannan baiwa. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Methodist a Cape Coast, ya fara koyarwa yana ɗan shekara 15, kuma bai kai 25 ba ya zama shugaban makaranta. A 1896 ya yi wa sojojin Ingila tafinta a yaƙin da suka kai wa Asante.

A 1898 ya tafi Amurka ta hannun Bishop John Bryan Small na cocin baƙaƙen fata ta AME Zion, ya shiga Kwalejin Livingstone da ke Salisbury a jihar North Carolina. Ya kammala digirin farko a 1902, aka riƙe shi a matsayin malami, ya auri Rose Douglass a 1905, suka haifi 'ya'ya huɗu. Kusan shekara 20 ya yi yana koyarwa a can, yana kuma limanci a ƙananan coci-coci na ƙauye, inda ya riƙa ƙarfafa wa manoma baƙaƙen fata gwiwar haɗa kuɗi su mallaki gonakinsu.

A Livingstone ne ya fara ganin iyakar da aka yi masa. Ya riƙe rajistar ɗalibai da sakatariyar kuɗi, amma da kujerar shugaban kwalejin ta zama babu kowa, wani aka ba. Mutum mai aure da 'ya'ya, ga albashi ƙanƙani, sai ya riƙa tafiya New York lokacin hutun bazara yana ɗaukar darussa a Columbia. Duk malamin da ya taɓa haɗa aiki da neman babban digiri ya san irin wannan rayuwa: karatu a tsintsinke, shekara na bin shekara. Sai a 1922 ya samu digiri na biyu na Columbia tare da shaidar kwalejin horar da malamai ta jami'ar, sannan a ƙarshen 1923 ya ci jarrabawar da ake yi kafin rubuta kundin digiri na uku. Kundin kaɗai ya rage.

Abin da ya hana shi zama ya rubuta shi ne ɗaukakar da ta zo masa. Ya san Thomas Jesse Jones na gidauniyar Phelps-Stokes, wanda ya sa shi cikin kwamitin da ya zagaya Afirka a 1920 zuwa 1921 don duba halin makarantu. Shi kaɗai ne ɗan Afirka a cikin tawagar. Sun je Saliyo da Laberiya da Gwalkwas da Najeriya da Kongo da Angola da Afirka ta Kudu, kuma duk inda ya tsaya yin jawabi jama'a kan yi cincirindo. A 1924 ya sake bin kwamiti na biyu zuwa gabashin Afirka. Cikin matasan da suka saurare shi a Legas har da Nnamdi Azikiwe, wanda ya kama hanyar Amurka neman ilimi a 1925.

Ba kowa ne ya yaba wa wannan aiki ba. Kwamitin ya karkata ga koyar da noma da sana'ar hannu irin tsarin Booker T. Washington, abin da W.E.B. Du Bois da masu ra'ayinsa suka ɗauka dabara ce ta hana baƙar fata ilimi mai zurfi. Wasu sun zargi Aggrey da sassauci ga Turawan mulkin mallaka, musamman saboda misalin da ya yi fice da shi na fiyano, inda yake nuna cewa kiɗa mai daɗi sai an haɗa farare da baƙaƙen maɓallai. Zargin yana da tushe, domin Turawan sun ji daɗin amfani da shi. Sai dai mutumin da ya kai shekara kusan 50 yana fafutukar digirin digirgir, da wuya a ce ya yarda ɗan Afirka ya tsaya a fartanya kawai.

Gwamna Gordon Guggisberg ne ya ƙuduri kafa Achimota, ya ɗauko Alexander Fraser ya shugabance ta, aka kuma kira Aggrey. Muƙamin da aka ba shi bai kai na cikakken mataimakin shugaba ba, duk da cewa shi ne ya fi sauran sanin ƙasar da mutanenta. Da suka iso a Oktoban 1924, shi ne ya riƙa yawo gari-gari yana shawo kan sarakuna da iyaye, waɗanda ke ɗari-ɗari da makarantar gwamnati, su kawo 'ya'yansu. Ya kuma dage a ɗauki 'yan mata tare da maza, bisa hujjar cewa ilimin mace ba ya tsayawa a kanta, gida gaba ɗaya yake kaiwa. An buɗe makarantar ranar 28 ga Janairun 1927, kuma maɓallan fiyanon nan ne a tambarinta har yau.

An binne shi a Salisbury. Ɗan autansa, Orison Rudolph Aggrey, wanda shekararsa ɗaya lokacin rasuwar, ya girma ya zama jakadan Amurka a Senegal da Gambiya, daga baya a Romaniya. A 2017 Babban Bankin Ghana ya sa hoton Aggrey a takardar sidi biyar ta musamman.

Cikin ɗaliban da ke koyon aikin malanta a Accra a shekarunsa na ƙarshe akwai wani matashi mai suna Kwame Nkrumah, wanda ya ɗauki Aggrey a matsayin gwarzonsa. Shi ma ya bi sahu zuwa Amurka a 1935, ya yi digiri na biyu a fannin ilimi a Jami'ar Pennsylvania a 1942, ya fara na uku, siyasa ta ɗauke shi bai kammala ba. A 1957 ya jagoranci Ghana zuwa samun 'yancin kai.