Heinrich Mann, ɗan mai hatsi da ya tona asirin azzalumin malami

Yau za mu leƙa ƙasar Jamus, mu kawo muku tarihin Heinrich Mann, marubucin da alƙalaminsa ya raba shi da ƙasar haihuwarsa.

An haife shi a shekarar 1871 a Lübeck, tsohon birnin fatauci mai tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa babban ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ɗan majalisar gari. Yaron bai bi sana'ar gida ba, sai ya tafi Dresden koyon sayar da littattafai. Da uban ya rasu a 1891 aka rufe kamfanin, shi kuwa ya duƙufa ga rubutu. Ƙanensa Thomas Mann ma marubuci ne, ya ci lambar Nobel a 1929.

A 1905 ya fitar da littafin Professor Unrat, labarin wani malamin makaranta mai suna Raat, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Unrat, wato shara. Malamin nan ya ɗauki kowane ɗalibi abokin gaba. Garin bin sawunsu don ya kama su da laifi, sai ya faɗa gidan rawa, ya kamu da son wata mawaƙiya. Ya rasa aikinsa, ya aure ta, ya mai da gidansa wurin caca domin ya tsiyata manyan gari. Ƙarshenta ƴan sanda suka yi awon gaba da shi. Mai karatu zai sha dariya, amma zai gane mutumin, domin mun san irinsa a aji, a ofis, har a bakin shinge: wanda ɗan ƙaramin iko ya hau wa kai. A 1930 aka mai da labarin fim, wanda ya fito da Marlene Dietrich a idon duniya.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka tilasta wa Mann sauka daga shugabancin sashen marubuta na makarantar fasaha ta Prussia. A watan Fabrairu ya gudu Faransa. Aka ƙona littattafansa, aka soke masa zama ɗan ƙasa. A 1940, da sojojin Jamus suka shiga Faransa, dattijo mai shekara 69 ya haura duwatsun Pyrenees a ƙafa zuwa Sifen, daga Lisbon ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka.

A can ya zauna cikin talauci, ƙanensa ne ke tallafa masa. Jamus ta Gabas ta gayyace shi ya koma gida ya shugabanci makarantar fasaharta, amma ajali ya riga shi a Santa Monica, a watan Maris na 1950. Sai a 1961 aka mai da ragowar gawarsa Berlin.

Waɗanda suka ƙona littafin, mulkinsu shekara 12 ya yi. Littafin kuwa har yau ana bugawa, ana karantawa.