William Hodges: Mai zanen da hoton yaƙi ya kashe wa kasuwa

An haifi William Hodges a Landan a 1744, mahaifinsa maƙeri ne. Ya koyi zanen tsaunuka da koguna a hannun Richard Wilson, kana a 1772 ya raka Kyaftin James Cook zuwa tekun Pasifik, inda ya zana tsibirin Tahiti.

A 1780 ya sauka Madras ta Indiya. Gwamna Warren Hastings ya ɗauki nauyinsa, ya kewaya yana zana gaɓar kogin Ganga da kufan fadojin sarakunan Mughal. Bayan komawarsa gida ya buga hotuna 48, waɗanda ta hanyarsu Ingilishi da dama suka fara ganin ƙasar da kamfanin East India ke mamayewa. Ya sha yabo.

Amma da ya baje zanen da ke nuna ɓarnar yaƙi, a lokacin da Ingila ke gwabzawa da Faransa, sai ɗan sarki, Duke na York, ya sa aka rufe wurin a 1795. Hodges ya ajiye zane, ya buɗe banki a Dartmouth. Bankin ya durƙushe, shi kuma ya mutu a karye a watan Maris na 1797.