Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001): Rayuwarta da Gwagwarmayar Ƙuri'ar Mata a Arewa

In ana zancen siyasar Jihar Arewa ta kafin samun mulkin kai, sunayen da suka fi zuwa baki na maza ne: Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur. Mace guda ce sunanta ya shiga wannan sahu har ya zauna daram, watau Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwarta, tare da duba irin goyon bayan da ta samu da wanda ta rasa, a zamanin da ake ja-in-ja a kan ko ya halatta matar Arewa ta fita ta jefa ƙuri'a.

Asalinta da Ƙuruciyarta

An haife ta ranar 15 ga watan Fabrairu, 1933. Sunanta na yanka Hajaratu. Gambo kuwa laƙabi ne da Bahaushe ke yi wa wanda ya biyo bayan tagwaye, kuma shi ne ya danne sunan yankan. Mahaifinta mutumin Gana ne, masanin aikin safiyo, wanda ya zo Nijeriya a 1910 ya kama aiki a reluwe, a daidai lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgin da ta isa Kano a 1911. Ya zauna a Zariya, ya musulunta, aka raɗa masa suna Isa. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. Ke nan wadda ta zama muryar matan Hausawa ba ta da jinin Hausa ta uwa ko ta uba. Harshe da addini da zaman gari ne suka mai da ita Bahaushiya, kamar yadda suka mai da dubban waɗanda hanyar jirgi ta kwaso.

Ta fara karatun boko a makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada. (Tudun Wadar Zariya ake nufi, kada mai karatu ya ɗauka ta Ɗankadai ce da ke kudancin Kano.) Karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara uku, aka aurar da ita tana 'yar shekara 13 ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Mijin ya tafi ya bar ta da ciki, bai sake waiwayowa ba. Ta yi wasu aurarrakin a baya, amma babu wanda ya dore. Duk wanda zai fahimci zafin da take yi a kan auren wuri da raba 'ya mace da makaranta, to, a nan ya kamata ya fara dubawa, don kuwa abin da ta yi yaƙi da shi a dandali ta riga ta ɗanɗana shi tun ba ta mallaki hankalin kanta ba.

Shigarta NEPU

Ranar 8 ga watan Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Manufarta ita ce ƙwato wa talaka 'yancinsa daga hannun sarakuna da En'e, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka jingina mulkinsu a kansu. Kalmar da jam'iyyar ta riƙe take ita ce sawaba, kalmar da jam'iyyar Jibo Bakari ta ƙasar Nijar ita ma ta ɗauka suna daga baya. Gambo ta yanki katin NEPU a reshen Zariya tana da shekara 17 ko kusa da haka, a lokacin da ake yin taron reshen a ɓoye saboda tsoron 'yan doka. Ba a daɗe ba aka zaɓe ta shugabar mata ta Sabon Garin Zariya.

Abin da ya fito da ita fili shi ne wata lacca da aka yi a Zariya, inda ta hau dandamali ta yi magana a gaban maza, alhali da yawa daga cikinsu sun noƙe. Daga nan sunan Sawabiya ya bi ta, aka taƙaita shi ya koma Sawaba. Ta kuma yi tattaki har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci matan kasuwa a kan harajin mata har sai da Alake Ademola ya sauka daga karaga na wani lokaci a farkon 1949. Wannan ziyara ta nuna wa Gambo cewa mata, in sun haɗa kai, suna iya girgiza fada.

Sai dai Abekuta daban, Kano da Zariya daban. Can mata ne ke riƙe da kasuwa, suna da ƙungiyoyinsu, suna biyan haraji da sunansu. A nan kuwa matar aure ta birni tana kulle. Sana'arta a cikin gida take yin ta, 'yarta ce ke fitar mata da ita talla. Saboda haka Gambo ta ɗauki hanyar da babu ɗan siyasa namiji da zai iya bi: shiga gida gida, tana zama da mata a tsakar gida, tana yi musu bayanin haraji da aikin tilas da makaranta da ƙuri'a. Wannan ne ya jawo mata ɗaurinta na farko. A 1952 aka kama ta a Kano bisa zargin tana fitar da matan kulle daga gidajen mazajensu, alƙali ya yanke mata wata uku. A shekarar da ta biyo hukumar Kano ta hana ta zaman garin, aka tasa ƙeyarta zuwa Zariya. Marubuta tarihinta, ciki har da Rima Shawulu wanda littafinsa a kanta ya fito a 1990, sun ƙidaya ɗaurinta sau 16. Sun kuma ambaci bulala da aka yi mata a bainar jama'a, da aske mata kai da fasasshiyar kwalba, da dukan da wasu 'yan banga suka yi mata a 1957 suka yar da ita a daji suna zaton ta cika.

Muhawarar da Aka Yi

Ya kamata a tsaya a nan a duba ainihin abin da ake gardama a kansa, don sau da yawa akan ba da labarin kamar jaruma ce a gefe guda da azzalumai a ɗaya gefen, a wuce. Lamarin ya fi haka faɗi.

A shekarun 1950 matan Jihar Gabas da na Jihar Yamma suka samu damar jefa ƙuri'a, har ya zama a babban zaɓen 1959 kowane baligi a Kudu, mace ko namiji, yana da ƙuri'a. A Arewa maza kaɗai aka yarje wa. Jam'iyyar NPC mai mulki ta kafa hujjarta a kan addini da al'ada: a ganinta, fitar matan aure zuwa rumfar zaɓe su cuɗanya da maza ya saɓa wa tarbiyyar Musulmi, kuma jama'a ba su shirya wa haka ba tukuna. Ba shugabanni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Magidanta da yawa, har da waɗanda ke ɗauke da katin NEPU a aljihu, ba su yarda matansu su leƙa wajen lacca ba. Talaka na iya ƙin hakimi da dagaci da zuciya ɗaya, amma in aka zo batun ƙofar gidansa sai ya koma sahu ɗaya da su.

Masu ɗaya ra'ayin su ma da addinin suka mayar da martani. Malam Aminu Kano, wanda ɗan gidan malamai ne, ya sha kafa hujja da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, da kuma Nana Asma'u, wadda ta shirya tsarin 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su karantar da mata. A 1956 Malam Isa Wali ya fitar da rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen a kan haƙiƙanin matsayin mace a Musulunci, waɗanda suka tayar da ƙura ba kaɗan ba a tsakanin malamai da ma'aikata. A wannan shekarar ce kuma Gambo da wasu mata suka yi jerin gwano zuwa ofishin Firimiya a Kaduna suna neman a ba matan Arewa ƙuri'a. Ba a ba su ba.

Akwai wani abu kuma da ba a cika son faɗa ba. Da yake matan aure suna kulle, jam'iyyun duka biyu sun dogara ƙwarai da zawarawa da mata masu zaman kansu, ƙarƙashin magajiyoyinsu, wajen cika fili da waƙa da guɗa da girki a ranar taro. Ita kanta NPC, mai cewa siyasa ba ta kamaci mace ba, ta yi amfani da mata a wannan fanni. Illar haka ita ce duk macen da ta hau dandamali an sami sunan da za a jefe ta da shi, ko da kuwa ba ta cancance shi ba. Gambo ta sha wannan ƙazafi. Makami ne mai kaifi, don ya raba ta da waɗanda take yi wa faɗan: matar da ke jin daɗin maganarta a tsakar gida ba za ta iya fitowa ta ce tana tare da ita ba, sai ta sa aurenta a caca. Goyon bayan da Gambo ta samu daga mata, mafi yawansa na ɓoye ne, irin wanda ba ya shiga rajista kuma ba a ƙidaya shi ranar zaɓe. Na fili kuwa ya fito ne daga ƙananan 'yan kasuwa da teloli da mahauta da 'yan tebur na sabon gari da unguwannin baƙi, waɗanda su ne ƙashin bayan NEPU.

A ƙauye abin ya ƙara tsanani. Ƙasar da ke tsakanin Kano da Zariya, watau yankin Bebeji da Kiru da Tudun Wada, ita ce mashigar masu zirga-zirga tsakanin biranen biyu, ta mota ko ta jirgin da ke tsayawa a Ɗangora. Labari ba ya rasa isa irin waɗannan wurare. Amma a ƙauye dagaci ne ke rubuta haraji, shi ne shaida a kan gona, alƙali kuma na En'e ne. Mutumin da aka sani da ra'ayin sawaba yana iya wayar gari harajinsa ya hau, ko a ɗaure shi a kan laifin zagin sarki. In namiji mai gona da ƙarfinsa yana tsoron wannan, ina ga matar da ko sunanta babu a takardar haraji? Matan wannan yanki su ne masu sussuka da surfe da matsar man gyaɗa, wasunsu har da noma, amma dokar zaɓe ba ta san da zamansu ba.

Sakamakon zaɓen 1959 ya nuna inda ƙarfi yake. NPC ta sami kujeru 134 a majalisar tarayya, NEPU ta sami 8. Aka karɓi mulkin kai a 1960, aka yi Jamhuriya ta Farko har ta faɗi a watan Janairu na 1966, matar Arewa ba ta taɓa riƙe takardar ƙuri'a ba.

Bayan Faɗuwar Jamhuriya ta Farko

Da sojoji suka rushe jam'iyyu, Gambo ta koma gidanta na Zariya tana 'yan sana'o'i. A wannan lokaci aka fi saninta da riƙon marayu da 'ya'yan marasa galihu, da kula da marasa lafiya waɗanda ba su da kowa. 'Ya ɗaya ta haifa, amma gidan bai taɓa rabuwa da yara ba.

Abin mamaki, ƙuri'ar da aka sha bulala da ɗauri a kanta ba majalisar zaɓaɓɓu ce ta bayar da ita ba. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta ba matan Arewa wannan dama a 1976, cikin gyaran tsarin ƙananan hukumomi, sa'an nan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita ga kowane baligi. Fitinar da aka daɗe ana tsoratar da jama'a da ita ba ta auku ba. A zaɓen 1979 mata suka fito cikin lulluɓinsu suka yi layinsu daban, a birni da ƙauye, kuma jam'iyyun da suka gaji masu adawa da ƙuri'ar mata su ma suka shiga neman ta ruwa a jallo. A Jihar Kano, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU, ita ta lashe zaɓen, Abubakar Rimi ya zama gwamna. A Jihar Kaduna kuma Balarabe Musa.

Ita Gambo ba ta cikin PRP a wannan karon. Ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, wanda ya taɓa zama minista a ƙarƙashin NPC, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. Ba ta taɓa zama minista ko 'yar majalisa ba, kuma ba ta tara dukiya ba. A ƙarshen shekarun 1990 ta bayyana cewa ta bar siyasa, don a ganinta kuɗi ya maye gurbin aƙida.

Ta rasu a watan Oktoba na 2001 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tana da shekara 68. Babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta, haka nan ɗaya daga cikin ɗakunan kwanan ɗalibai mata na Jami'ar Bayero ta Kano.