Tarihin Edgar Codd, Baturen Da Ya Tsara Rumbun Ajiyar Bayanai

An haifi Edgar Frank Codd ran 19 ga watan Agusta, 1923, a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila. Shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa sana'ar fata yake yi, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. Ya shiga Jami'ar Oxford don karatun lissafi da ilmin sinadarai, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa hanzari, ya shiga rundunar mayaƙan sama ta Ingila ya zama matuƙin jirgi. Da yaƙi ya ƙare ya koma ya kammala karatunsa, a 1948 kuma ya tafi Amurka, inda kamfanin IBM ya ɗauke shi aikin lissafi a birnin New York.

Tun yana saurayi aka san shi da tsayawa kan ra'ayinsa. A 1953, lokacin da Sanata Joseph McCarthy ke farautar mutane yana zarginsu da kwaminisanci, abin ya ɓata wa Codd rai, har ya tattara ya koma Ottawa ta ƙasar Kanada. Sai a 1957 ya komo Amurka. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Michigan a 1965, daga baya kuma ya koma ɗakin binciken IBM da ke San Jose, cikin jihar Kalifoniya. A can ne ya yi aikin da ya sa ake tunawa da shi.

A wancan zamani, ajiye bayanai cikin kwamfuta tamkar binne kuɗi ne a daji, wanda ya binne shi kaɗai ya san hanya. Kowane bayani an ɗaure shi da na gabansa, mai nema kuwa tilas ya bi sawu ɗaya bayan ɗaya. In aka sauya wurin ajiya ko da kaɗan ne, sai an sāke rubuta manhajojin da suka dogara da shi. Manajan banki da ke son amsar wata sabuwar tambaya sai ya jira masu rubuta manhaja su shirya masa hanyar samunta.

A watan Yuni na 1970 Codd ya buga wata maƙala mai shafi 11 a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, ya kawo wata hanya dabam. Don mai karatu ya gane ta, bari mu kawo misali daga gida. A ce ga wani ɗan kasuwa a Bagudo, cikin Jihar Kebbi, yana ba da shinkafa bashi ga abokan ciniki na Illo da Lolo da Tsamiya, har da na ƙetaren iyaka cikin Jamhuriyar Benin. In littafi ɗaya yake riƙe da shi, duk ran da aka yi ciniki sai ya rubuta sunan mutum da garinsu da irin kayan da kuɗinsu. Ran da wani ya tashi daga Lolo ya koma Tsamiya, sai an bi shafi shafi ana gyara, in kuwa aka tsallake wuri ɗaya littafin zai ƙaryata kansa, bashi ya shiga rigima.

Dabarar Codd ita ce a raba bayanan cikin jadawali. Jadawali na farko na abokan ciniki ne, kowa da lambarsa da garinsu. Na biyu na kaya ne, kowane iri da lambarsa. Na uku na ciniki ne, lambobin nan kawai ake rubutawa da rana da adadi. Ta haka kowace magana wuri ɗaya take zaune, gyara ɗaya ya wadatar. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, mai tambaya ba ruwansa da sanin inda aka ajiye abu. Ya faɗi abin da yake so kurum, misali duk mutanen Illo da ake bi bashi tun kaka, na'ura ce za ta nemo hanya. Codd ya kafa wannan tsari bisa ƙa'idojin lissafi, yadda za a iya tabbatar da ingancin amsa.

Shugabannin IBM ba su yi ɗokin abin ba, domin suna da nasu rumbun mai suna IMS wanda ke kawo musu kuɗi. Masana da yawa ma suka ce tsarin zai yi nauyi ga injunan lokacin, har aka yi muhawara a bainar jama'a a 1974 tsakanin Codd da Charles Bachman, jagoran tsohuwar hanya. Da kamfanin ya fara gwajinsa mai suna System R, ba a ɗora Codd a kan aikin ba. A nan ne Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙago harshen tambaya da aka sani yau da SQL.

To amma zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Tun da an riga an buga maƙalar a fili, kowa na iya karantawa ya gina nasa. Kamfanin Larry Ellison ya fito da Oracle kasuwa a 1979, ya riga IBM, wanda sai a 1981 ya fitar da SQL/DS, a 1983 kuma DB2. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Stonebraker da Eugene Wong suka gina Ingres, suna ba masu bincike asalin rubutun manhajar su duba su gyara. Daga wannan zuriya aka fara Postgres a 1986, wadda ta zama PostgreSQL a 1996. MySQL ta fito daga Suwidin a 1995, SQLite kuma a 2000. Waɗannan uku duka buɗaɗɗu ne, watau kowa na iya ɗauka kyauta, ya karanta cikinsu, ya yi aiki da su.

Amfanin wannan ya iso har ƙasarmu. SQLite na cikin wayoyin Android da iPhone da ke aljihun jama'a. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda kuma Nijeriya da Benin duka ke tattara alƙaluman asibitocinsu da ita, a kan PostgreSQL take zaune. Ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen lasisi yana iya koyon sana'ar da kayan aikin da manyan kamfanonin duniya ke amfani da su.

An naɗa Codd cikin manyan masanan IBM a 1976, ya kuma karɓi lambar Turing a 1981, wadda ita ce mafi girma a fannin kwamfuta. Duk da haka bai gamsu da yadda 'yan kasuwa suka yi da tsarinsa ba, yana ganin harshen SQL kansa ya kauce wa ƙa'ida. A 1985 ya buga sharuɗɗa 12 na auna kowane rumbu, don kada a sayar wa jama'a jabu da sunan na gaske. Bayan ya bar IBM ya kafa kamfanin ba da shawara tare da Chris Date da Sharon Weinberg, wadda ya aura daga baya.

Codd ya rasu ran 18 ga Afrilu, 2003, a gidansa da ke jihar Florida, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 79. Waɗansu sun tara dukiya mai yawa da tunaninsa, shi kuwa bai tara irin tasu ba. Amma har yau bankuna da asibitoci da makarantu a kan jadawalinsa suke ajiye amanar mutane.