SAMUEL AJAYI CROWTHER: BAWAN DA YA ZAMA MAKIYAYI

Kafin a shiga wannan labari, ya kamata kowace ƙungiya ta buɗe Littafi Mai Tsarki, ta karanta Farawa sura 37, da sura 45, da ƙarshen sura 50, watau labarin Yusufu ɗan Yakubu. Gama mutumin da za mu ba da labarinsa an sayar da shi yana yaro kamar Yusufu, ya girma a baƙuwar ƙasa, daga baya kuma ya zama sanadin albarka ga mutanensa. Sau uku baƙin ciki mai nauyi ya same shi. Abin da mu ke so mu lura da shi a nan shi ne abin da ya yi bayan kowane ɗaya.

Baƙin ciki na fari

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a wani gari mai suna Osogun, cikin ƙasar Yarbawa. A lokacin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙe-yaƙe sun yi yawa, 'yan hari kuwa suna yawo suna kama mutane. Wata safiya cikin shekara ta 1821 suka auka wa garin, suka sa masa wuta. Aka kama yaron tare da uwarsa da ƙannensa mata. Ubansa kuwa, daga ran nan bai ƙara sa shi a ido ba.

Da aka zo rabon ganima aka raba shi da uwarsa. Aka yi musanyarsa da doki, daga baya aka sake sayar da shi, yana fita daga wannan hannu zuwa wancan, har aka ba da shi a bakin taba da barasa. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa a kwanakin nan zuciyarsa ta karai ƙwarai, har ya yi ƙoƙarin kashe kansa. Mun faɗi wannan ne don kada wani ya zaci bayin Allah ba su san irin wannan duhu ba. Iliya ma ya roƙi mutuwa a gindin itace, kamar yadda mu ke gani a 1 Sarakuna sura 19.

Cikin watan Afrilu na 1822 aka sa shi cikin jirgin ruwa na fatake 'yan Fotugal a Ikko, za a kai shi ƙetaren teku. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙi na Ingila, waɗanda ke tsaron gaɓar teku don hana cinikin bayi, suka tare shi. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye, ya kuma ga harsasan igwa a jere, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. Aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, inda a ke ajiye bayin da aka 'yanta.

Can ya shiga makarantar mishan ta C.M.S., cikin 'yan watanni kuwa ya iya karatun Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari cikin littafin ɗalibai. Ya auri Asano, wadda a ke kira Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa ce, suka yi aikin koyarwa tare.

Sai mu lura, abin da 'yan hari ba su iya ƙwace masa ba shi ne harshen uwarsa. A 1841 ya bi ayarin jiragen da Ingila ta aika su hau kogin Kwara, tare da wani Bajamushe mai wa'azi, J. F. Schön. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40 a tafiyar nan, sai shugabannin mishan suka gane aikin bishara a waɗannan ƙasashe yana bukatar 'ya'yan ƙasa. Schön ya ba da sauran ransa ga harshen Hausa, shi ne kuwa ya fara juya waɗansu littattafai na Littafi Mai Tsarki cikin harshen nan da mu ke karatu da shi yanzu. Crowther ya juya ga Yarbanci. Aka naɗa shi aikin ikilisiya a Landan a 1843, a shekaran nan kuma aka buga littafinsa na kalmomin Yarbanci.

A 1846 ya isa Abekuta tare da abokan aikinsa. Ba su daɗe da sauka ba sai ga wata tsohuwa an kawo masa. Ashe Afala ce, uwarsa, bayan shekara 25. Ita ma ta sha bauta, ta sha wahala. Suka rungumi juna suna kuka, jama'a na tsaye suna kallo. Ya fanshi waɗansu daga cikin danginsa da su ke hannun iyayengiji. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, sunan uwar annabi Sama'ila, ga shi kuwa sunan da ɗanta ya ɗauka ke nan.

Baƙin ciki na biyu

Da labarin tatsuniya ne, da a nan za mu ce ƙurungus. Amma Crowther yana da sauran shekara 45 a gaba, yawancinsu kuwa na wahala ne.

A 1854 ya sake bin kogi tare da Likita Baikie, suka hau Binuwai. Wannan karo sun riƙa shan kwini, ba Bature ko ɗaya da ya mutu. A 1857 aka danƙa masa aikin kafa mishan a bakin Kwara. Ya ajiye ma'aikata a Anaca, ya ci gaba zuwa arewa, sai jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba, ya farfashe. Suka zauna a bakin kogi wata da watanni suna jiran wani jirgi. Crowther bai zauna yana ƙirga asara ba. Ya yi ta zama da Nufawa yana tambayarsu sunayen abubuwa, yana rubutawa, har daga baya ya fitar da littafin koyon karatu da na nahawun Nufanci.

A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Abin da ya fi yi masa zafi cikin dukan asarar shi ne takardunsa, gama shekara 11 ya yi yana tattara kalmomi da karin magana daga bakin tsofaffi, saboda aikin juya Littafi Mai Tsarki. Mu da mu ke irin wannan aiki mun san kalma guda ta kan ci mana mako kafin mu sami wadda ta dace, mun san kuma tsohon da ya faɗa maka ita bara, wataƙila bana ba ya nan. Crowther ya sami sababbin takardu, ya fara daga farko.

Ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabiri, shi ne baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi cikin ikilisiyar Angilikan. Cikin masu kallo har da shugaban jirgin yaƙin da ya cece shi yana yaro. Amma girman bai rage masa wahala ba. A 1867 wani basarake ya tsare shi da ɗansa Dandeson kusa da Idda, yana neman kuɗin fansa. Wani ma'aikacin gwamnatin Ingila ya zo ya kuɓutar da su, aka harbe shi da kibiya mai dafi, ya mutu. A Boni kuma aka tsananta wa sababbin masu bi, yawancinsu bayi, har aka kashe wani mai suna Joshua Hart a 1875 don ya ƙi cin naman hadayar gumaka. Matarsa Susan ta rasu a 1880, bayan zaman aure na shekara 50 da ɗoriya. Uwarsa ta bi ta a 1883. Bayan shekara guda, a 1884, aka gama buga dukan Littafi Mai Tsarki cikin Yarbanci, aikin da shi ne ya ɗauki babban rabonsa.

Yadda ya shiga cikin jama'a

Cikin dukan shekarun nan akwai wani hali nasa da ya kamata ikilisiyoyinmu su koya. In ya isa gari, ya kan fara zuwa gaida sarki, ya nemi izini, ya zauna ya saurara. Ya kan buɗe makaranta, ya sa a koya wa yara sana'a, ya ƙarfafa noman auduga da cinikinta, don mutane su sami abin sayarwa wanda ba ɗan'adam ba.

Ya san 'yan harin da su ka kama shi yawancinsu Musulmi ne, duk da haka bai riƙe Musulmi a zuciya ba. Ya yi abuta da Masaba, Sarkin Nufe, a Bida. A 1872 ya tsaya a fadar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi a kan Yesu. Bai zagi addinin kowa ba, bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa ba, sai ya riƙa buɗe Littafin yana karanta musu amsa daga ciki. Haka ya kan gargaɗi ma'aikatansa su yi, su bar gardama mai zafi. Saboda wannan hali, sa'ad da barasar fatake ta fara lalatar da ƙasar Nufe, Sarki Maliki ya sa aka rubuta takarda da Hausa, aka kai wa Crowther, yana roƙonsa ya kai kukan ga Sarauniyar Ingila. Sarkin Musulmi ya amince wa bishop na Kirista da damuwar talakawansa. Irin wannan amana ba a samunta rana ɗaya.

Baƙin ciki na uku

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baƙin ciki na ƙarshe ya fito daga wajen 'yan mishan ne, irinmu, tilas kuwa mu faɗe shi.

Henry Venn, magatakardan C.M.S. wanda ya tsaya wa Crowther, ya rasu a 1873. Bayansa ra'ayin Turawa da yawa ya sake, suka fara shakkar ko baƙar fata ya isa ya shugabanci ikilisiya. Gaskiya ne akwai laifofi cikin mishan na Kwara. Waɗansu ma'aikata sun faɗa cikin zunubi mai muni, tashoshin suna nesa da juna, bishop kuma mutum ne mai taushin zuciya, ya kan so a ba mai laifi zarafin tuba. Amma samarin da aka aiko daga Ingila sun zo da himma ba tare da haƙuri ba. Cikin watan Agusta na 1890, a wani taro a Anaca, suka tsayar da ma'aikata 'yan ƙasa daga aiki, har da Dandeson, a gaban ubansa, suka yi wa tsohon maganganu marasa ladabi. Yana da shekara wajen 80, ya fara wa'azi tun ba a haifi ko ɗayansu ba. Bai rama ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya ci gaba da ziyarar ikilisiyoyinsa. Cikin 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba.

Ba mu faɗi wannan don mu la'anci samarin ba. Biyu daga cikinsu, Robinson da Brooke, sun zo ne da nufin kai bishara ƙasar Hausa, dukansu kuwa suka mutu a Lakwaja, ɗaya a 1891, ɗaya a 1892. Mutum ya iya ba da ransa saboda Ubangiji, ya kuma ɓata wa ɗan'uwansa rai ƙwarai, shi ya sa Manzo Bulus ya rubuta 1 Korintiyawa sura 13. Bayan Crowther aka naɗa Bature a gurbinsa, aka yi wajen shekara 60 kafin ɗan ƙasa ya sake riƙe irin wannan matsayi. Sai a 2014, sa'ad da a ke tunawa da cikar shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Kantabiri ya tsaya a majami'ar nan, ya furta tuba saboda abin da aka yi masa.

Abin da za mu ɗauka

Yusufu ya rayu har ya ga 'yan'uwansa sun zo neman gafara. Crowther bai ga wannan ba. Saboda haka kada mu yi wa mai makoki alkawarin da Littafin bai yi ba, cewa lalle zai ga sakamakon kome tun a duniya. Ibraniyawa sura 11 ta ambaci waɗanda su ka tsira daga takobi, ta kuma ambaci waɗanda takobi ya kashe, ta shaidi bangaskiyarsu duka. Abin da mu ka gani a rayuwar mutumin nan shi ne, bayan kowace asara ya kan koma ga aikin da aka ba shi, ya kan koma kuma wajen mutane. A 2 Korintiyawa sura 1 an koya mana cewa Allah ya kan ta'azantar da mu domin mu ma mu ta'azantar da waɗansu. Wanda ya taɓa ɗaukar sarƙa a wuya ya san abin da zai faɗa wa bayin Boni.

To, bari kowace ƙungiya ta yi tunani a kan waɗannan. Cikin ikilisiyarmu wane ne ya ke makoki wanda ba mu je gidansa ba tun ran jana'iza? Maƙwabtanmu da ba su bin addininmu, za su iya kawo mana damuwarsu kamar yadda Sarkin Nufe ya yi? Akwai wani dattijo ko mai wa'azi da mu ka ƙasƙantar cikin taro, muna tsammani himma ce mu ke yi? In akwai, kada mu bar wa jikokinmu neman gafarar. Mu je wurinsa tun yana da rai. Sa'an nan a karanta Zabura 126, a rufe da addu'a.