Funmilayo Ransome-Kuti: Matar da ta haɗa kan dubban mata babu waya, babu data

Duk ranar 25 ga Oktoba za ka ga hotonta yana yawo a Facebook da X: wata dattijuwa da tabarau da ɗaurin kallabi. A ƙarƙashin hoton abu biyu aka saba rubutawa, cewa ita ce mahaifiyar mawaƙi Fela, kuma wai ita ce macen da ta fara tuƙa mota a Najeriya. Sai mu danna layik mu wuce. To amma ga duk matashin da ya taɓa buɗe guruf a WhatsApp don neman gyaran hanyar unguwarsu, ko ya shiga wani maudu'i da ya yi tashe kwana uku ya mutu, akwai abin da ya fi tuƙin mota muhimmanci a tarihin matar nan.

An haifi Funmilayo a Abeokuta a 1900, a gidan Kiristoci 'yan boko. Tana cikin 'yan matan farko da aka ɗauka a makarantar Abeokuta Grammar School, daga nan ta tafi Ingila ƙaro karatu a 1919. Ta dawo ta kama koyarwa, a 1925 ta auri Israel Ransome-Kuti, malamin makaranta wanda ya zama shugaban farko na ƙungiyar malamai ta Najeriya. A 1932 ta kafa wata ƙungiya mai suna Abeokuta Ladies Club, inda matan 'yan boko ke haɗuwa su koyi ɗinki, su sha shayi, su yi ayyukan taimako. A yaren yau, guruf ne na 'yan gayu, kowa ya san kowa, kowa na jin Turanci.

Abin ya sauya ne wajen 1944, lokacin da ƙungiyar ta fara koya wa matan kasuwa karatu da rubutu. Sun zo koyon baƙi, sai ga shi suna kawo kukansu. Yaƙin duniya na biyu ya sa gwamnatin Turawa ta ƙayyade farashi, jami'ai suna ƙwace shinkafar mata a kasuwa da kan hanya. Ga harajin da aka ɗora wa mata tun 1918, kuɗi ɗaya ga mai shi da marar shi, har 'yan mata masu shekara 15. Wadda ta kasa biya a wulaƙanta ta. Kuma duk da wannan kuɗi da ake karɓa, babu mace ko ɗaya a majalisar En'e, wadda Turawa suka damƙa ragamarta a hannun Alake, sarkin Egba, Ademola na biyu.

Nan ne Funmilayo ta yi abin da yawancinmu ba ma yi: ta saurara, sannan ta sauya kanta. Ta ajiye kayan Turawa ta koma zani da ɗankwali irin na matan da take zama da su. Ta riƙa jawabi da Yarbanci. A 1946 aka sauya wa ƙungiyar suna zuwa Abeokuta Women's Union, aka buɗe ƙofa ga kowace mace. Tare da ita akwai Grace Eniola Soyinka, mahaifiyar marubuci Wole Soyinka, wadda ita kanta 'yar kasuwa ce. Ba a jima ba mambobin da ke biyan kuɗin ƙungiya suka kai kusan 20,000.

Ku tsaya a kan wannan adadi. Waɗannan mutane ne da aka san sunansu, aka san rumfarsu, kuma kowacce tana cire wani abu daga cinikinta ta bayar. Kasuwa dama tana da tsarinta: masu shinkafa da shugabarsu, masu rini da tasu, masu kifi da tasu. Funmilayo ba ta rushe wannan ta gina sabo ba, a kansa ta ɗora. Idan saƙo ya fita daga bakin shugabanni, kafin la'asar ya zagaye gari, kuma duk wadda ta ji shi, daga bakin wadda ta yarda da ita ta ji.

Ba da zanga-zanga suka fara ba. Sun fara da takardun koke zuwa ga hukuma da wasiƙu zuwa jaridu, waɗanda su ne soshiyal midiyar wancan zamani. Da kuɗin ƙungiya suka ɗauki akanta ya binciki yadda En'e ke kashe kuɗin haraji, suka kuma ɗauki lauyoyi don kare matan da aka kama. Bukatunsu a fili suke: a soke harajin bai-ɗaya a kan mata, a daina ƙwace kaya, a ba mata kujeru a majalisa. Ita kanta Funmilayo ta ƙi biyan harajin, aka kai ta kotu. A 1947, da jam'iyyar NCNC ta tura tawaga Landan, ita kaɗai ce mace a ciki, kuma ta yi amfani da damar ta rubuta maƙala a jaridar Daily Worker kan halin da matan Najeriya ke ciki a ƙarƙashin mulkin mallaka.

Da koke-koken suka gaza kawo sauyi, sai suka fito titi. Hukuma ta hana su izinin taro, sai suka riƙa kiran taron nasu biki ko fita shan iska. Kafin a fita, an koya wa mata yadda za su kare fuskarsu da tsumma mai ruwa idan an harba barkonon tsohuwa. A ƙarshen Nuwamba 1947 mata kusan 10,000 suka yi zaman dirshan a ƙofar fadar Alake, suka kwana suna waƙe-waƙen habaici. Da aka kama wasu daga cikinsu, a Disamba suka koma suka yi kwana biyu, har aka sako su. Kun san tara mutum dubu goma su kwana a waje ba wasa ba ne. Sai da mai kawo abinci, da mai kula da goyo, da mai hana a tsokani 'yan sanda. Wannan aikin ba ya fitowa a hoto, amma shi ke riƙe da taron.

A 1948 aka dakatar da harajin. A Janairu 1949 Alake ya sauka daga kujera, mata huɗu suka shiga majalisar riƙo, har da Funmilayo. Gaskiya ne sarkin ya dawo a 1950, amma tsarin da ya ba mutum ɗaya ikon komai bai dawo yadda yake ba. Daga nan ta faɗaɗa tafiyar zuwa ƙasa baki ɗaya da Nigerian Women's Union a 1949, tana neman a ba kowace mace 'yancin jefa ƙuri'a. Labarinta ya iso Arewa, har Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta yi tattaki daga Zariya zuwa Abeokuta don ta gana da ita. Matan Arewa kuwa sai a 1976 suka samu wannan 'yanci.

Ba kullum ta yi nasara ba. Tafiye-tafiyenta zuwa ƙasashen gurguzu, har da China, sun sa gwamnati ta ƙi sabunta mata fasfo, Amurka ta hana ta biza. A zaɓen 1959 NCNC ta hana ta tikiti, ta tsaya da ƙafarta, ta faɗi. Wadda ta iya cika ƙofar fada da mata ta kasa cin kujera ɗaya, domin haɗa kan jama'a a kan damuwa ɗaya daban, siyasar jam'iyya daban.

Ƙarshenta akwai ban tausayi. A ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji suka far wa gidan ɗanta Fela a Legas, aka jeho ta daga tagar bene tana da shekara 76. Ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu ranar 13 ga Afrilu 1978. Ta bar 'ya'ya da suka ci gaba da gwagwarmaya kowa ta hanyarsa: Fela da waƙa, Beko da kare haƙƙin ɗan Adam, Olikoye da aikin lafiya har ya zama minista.

Mu yau saƙon da ya ɗauke ta yini guda, cikin daƙiƙa muke tura shi. Mun gani a Oktoba 2020 yadda maudu'in EndSARS ya fito da matasa titi a garuruwa da dama. Saurin muna da shi. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne sauran kayan aikin. A guruf ɗinku na unguwa, mutum nawa za su zo idan aka kira taro ranar Asabar? Mai shayi da mai sayar da awara, waɗanda matsalar ta fi ci, suna ciki ko kuwa ku masu data ne kaɗai? Kun rubuta abin da kuke nema a layi uku, kun san ofishin da ke da ikon yi? Kuna da hujja a takarda, ko sai hoton da wani ya turo? Wa ke riƙe da kuɗi, wa ke duba shi?

Funmilayo ta shafe kusan shekara uku tana zama da matan kasuwa, tana koya musu baƙi tana jin kukansu, kafin daren da suka kwana a ƙofar fada. Kafin ka ƙirƙiri maudu'i na gaba, ɗauki biro ka rubuta sunan mutum goma da za su amsa kiranka ko da an ɗauke sabis, sannan ka je ka same su.